MU KOYI TURANCI: Kalmar "Chew", Wato Tauna

  Muna gaida malamai da ɗalibai na Ƙaraye, Yammedi, Kurugu, Turawa da Tudun Kaya. Haka kuma muna gaida na Rogo, Zarewa, Fulatan, Beli da Gwangwan. Allah ya ƙara basira, amin.

A watan jiya mun koyi "eat", wato ci. Mun koyi "drink", wato sha. A wannan wata za mu ɗauki kalma ɗaya tak. Kalmar ita ce "chew". Ma'anarta tauna. Baƙaƙenta huɗu ne kurum, amma rashin saninta yana iya kwantar da mutum. Ga dalilin da ya sa na faɗi haka.

Abin da ya sami kawuna

Ina da wani kawu a ƙasar Rogo, manomin rake ne. Ya haura shekara sittin. Likita ya auna shi, ya ce yana da hawan jini. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa shan guda ɗaya kullum. Kawu kuwa mutum ne mai cin goro. Duk abin da ya shiga bakinsa sai ya tauna. A ganinsa, in ya tauna ƙwayar za ta fi saurin aiki.

To, kullum in ya sha sai kansa ya sara, jiri ya kwashe shi. Ya ce maganin bai karɓe shi ba. Ya jefa kwalin a aljihun wata tsohuwar riga, ya daina sha. Wannan kuwa haɗari ne babba, don mai hawan jini in ya bar magani yana iya samun shanyewar ɓarin jiki.

Da na je gaishe shi, na ce: "Kawu, ina kwalin?" Ya ɗauko. Na duba, sai ga kalmomi biyar a jiki: "Swallow whole. Do not chew." Wato: A haɗiye ta ɗungurungum, kada a tauna. Muka koma asibiti, aka sake yi masa bayani. Da ya fara haɗiye ƙwayar da ruwa, jirin ya tafi. Kawu ya ce: "Ashe maganin ba shi da laifi, haƙorana ne suka yi shisshigi."

Saboda irin wannan ne muka ware darasin wannan wata ga kalmar.

Yadda ake faɗin kalmar

A Turanci, in "c" da "h" suka haɗu, galibi suna ba da sautin da muke rubutawa da "c" a Hausa, kamar a cikin "cokali" ko "cuta". Saboda haka "chew" ana faɗinta "cuu". A ja wasalin kaɗan. Kada a ce "cewu". Kada a ce "shuu", don "shoe" takalmi ne. Wanda ya ce "shuu" a wurin "cuu" ya mai da tauna takalmi.

Kun daɗe da sanin kalmar, ba ku dai lura ba ne. Cingam ɗin da yara suke saya a tebur, sunansa na Turanci "chewing gum". Ma'anarsa ƙaron taunawa. Bakin Bahaushe ne ya sassaƙe shi ya koma "cingam". Duk sa'ad da kalmar ta ɓace muku, ku tuna da cingam.

Kamanni huɗu na kalmar

Kalmar aiki a Turanci takan canza kama bisa ga lokaci da kuma wanda ya yi aikin. "Chew" tana da kama huɗu:

1. chew, ana faɗi "cuu"
2. chews, ana faɗi "cuuz"
3. chewing, ana faɗi "cuwin"
4. chewed, ana faɗi "cuud"

Ga yadda ake amfani da kowace.

Abin da aka saba yi kullum:
I chew my food. Nakan tauna abincina.
We chew our food. Mukan tauna abincinmu.
He chews his food. Yakan tauna abincinsa.
She chews her food. Takan tauna abincinta.

Ku lura. In ana maganar mutum ɗaya wanda ba ni ba, ba kai ba, sai a ƙara "s" a ƙarshe. Haka muka gani a "eats" da "drinks" a watan jiya.

Abin da ake cikin yi yanzu:
I am chewing. Ina tauna.
The boy is chewing meat. Yaron yana tauna nama.
They are chewing groundnuts. Suna tauna gyaɗa.

Abin da ya riga ya wuce:
I chewed it. Na tauna shi.
Musa chewed it yesterday. Musa ya tauna shi jiya.

A nan "chew" ta fi "eat" sauƙi. "Eat" takan koma "ate" in abu ya wuce. Ita kuwa "chew" sai dai a ƙara mata "ed". Amma wajen faɗi, gaɓa ɗaya ce: "cuud". Kada a ce "cuwed".

Abin da za a yi nan gaba:
I will chew it. Zan tauna shi.

Umurni da hani:
Chew it. Tauna shi.
Chew it well. Tauna shi sosai.
Do not chew it. Kada ka tauna shi.

Waɗannan layuka uku na ƙarshe su ne ƙashin bayan darasin. A haddace su.

'Yan'uwanta na cikin baki

Akwai wasu kalmomi uku da suke tafiya tare da "chew". Duk aikin baki ne, amma kowace da nata.

"Bite", ana faɗi "bait". Ma'anarta cizo ko gatsa. Ana yin sa da haƙoran gaba.
"Suck", ana faɗi "sak". Ma'anarta tsotsa, kamar yadda ake yi wa alewa.
"Swallow", ana faɗi "suwalo". Ma'anarta haɗiya.

In ka ɗauki tsire, da fari za ka gatsa, sa'an nan ka tauna, daga baya ka haɗiye. Da Turanci: "Bite, chew, swallow." Babban mutum yana da haƙora 32. Yaro kuwa haƙoransa na fari 20 ne. Na gaba su ne na gatsa, turame na ciki su ne na tauna. Tun daga baki ake fara narkar da abinci, don yawu yana fara aiki a kan abinci mai gari kamar dawa, masara da rogo. Wanda ya tauna sosai ya rage wa cikinsa aiki.

Inda Hausa da Turanci suka raba hanya

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Kowane harshe da yadda yake kasa abubuwa. Ba a ɗaukar kalmar Hausa a dasa ta a Turanci yadda take.

Mu ɗauki rake, tun da mutanen Rogo ba sa buƙatar a kwatanta musu shi. Bahaushe yana cewa "shan rake", don ruwan ne yake wucewa ciki, a tofar da ɓawon. Amma Bature bai duba ruwan ba, ya duba aikin haƙora ne. Saboda haka yakan ce:

I am chewing sugar cane. Ina shan rake.

In ka ce "I am drinking sugar cane", mai sauraro zai zaci an matse raken an zuba maka ruwan a kofi.

Sai goro. Bahaushe yana cewa "cin goro". A Turanci an fi cewa:

My father chews kola nut. Mahaifina yana cin goro.

Masu zuwa sarin goro a kasuwar Mariri ta Kano, ko masu tafiya Shagamu, ku riƙe wannan.

Asuwaki kuma sunansa da Turanci "chewing stick", wato itacen taunawa. Dalili shi ne ana tauna bakinsa har ya yi laushi kafin a goge haƙora.

Haka nan magani. Mu mukan ce "shan magani", ko na ruwa ne ko ƙwaya. Bature kuwa yakan ce "take", ana faɗi "teik":

Take one tablet. A sha ƙwaya ɗaya.

Ga kuma gargaɗi ga 'yan ci-rani masu zuwa kudu. A can za ku ji ana cewa "chop" a wurin cin abinci. Wannan buroka ne. A Turancin makaranta "chop" sara ne ko yanka, kamar saran itace. Ba za ku ga "chop" a jikin kwalin magani ba. Kada ku haɗa ta da "chew".

Karanta kwalin magani

Yanzu mun zo inda darasin ya fi amfani. Magungunan da ake sayarwa a kemis, da waɗanda ake bayarwa a asibiti, bayanin jikinsu da Turanci yake. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take yi musu rajista. Da fari a duba lambarta a jikin kwali. Daga nan a nemi kalmarmu. Ga abin da za ku riƙa gani:

Chewable tablet. Ƙwayar da ake iya taunawa. Ana faɗi "cuwabul".
Chew before swallowing. A tauna kafin a haɗiye.
Suck or chew. A tsotsa ko a tauna.
Do not chew. Kada a tauna.
Do not crush or chew. Kada a daka, kada a tauna.
Swallow whole. A haɗiye ɗungurungum.

Babban abin lura shi ne ƙaramar kalmar nan "not". Ita ce take juya magana. Wanda ya ga "chew" ya yi murna ya gane, bai duba abin da ke gabanta ba, zai yi akasin abin da aka ce. Kullum a ɗora yatsa a kan "chew", a koma baya, a duba ko akwai "Do not".

Me ya sa wasu ƙwayoyi ake tauna su, wasu kuma a hana?

Na farko, waɗanda ake taunawa. Misali fararen ƙwayoyin nan na ƙwannafi da zafin ciki. An yi su ne don su zama gari tun a baki, su isa ciki su kashe zafin nan da nan. In aka haɗiye su ɗungurungum sukan yi jinkirin aiki. Haka kuma maganin tsutsar ciki mai suna albendazole, wanda ake ba yara a makarantu da kuma a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Yaron da ya yi wayo yakan tauna shi. Amma ga yaron da bai kai shekara uku ba, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a murƙushe ƙwayar, a dama da ɗan ruwa, sa'an nan a ba shi. Kada a danne yaro yana kuka a tura masa ƙwaya, don tana iya shaƙe shi.

Na biyu, waɗanda ba a taunawa. Wasu an gina su ne don su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, wata cikin awa 12, wata cikin awa 24. Ku kwatanta da madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Ana tare ruwa, a riƙa sakinsa bisa ƙima, ya kai masu noman rani har ƙarshen bazara. In aka saki ruwan duka rana ɗaya, sai ambaliya yau, gobe kuma ƙishirwa. Haka irin wannan ƙwaya take. In ka tauna ta, ka fasa madatsar. Maganin yini guda zai shiga jini a lokaci ɗaya. Abin da ya sami kawuna ke nan. Irin waɗannan sau da yawa za ku ga an rubuta "SR" ko "Retard" kusa da sunansu.

Wasu kuma an yi musu riga ne don su wuce tumbi lafiya, sai sun isa hanji su narke. Kafson gyambon ciki mai suna omeprazole yana cikin wannan sahu. In aka tauna 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa, ruwan tumbi zai lalata maganin kafin ya yi aiki. Ka kashe kuɗi, ciwo yana nan.

Akwai kuma maganin tsargiya, wato ciwon fitsarin jini da yara suke ɗauka wajen wanka a tafki ko dam inda dodon koɗi yake zaune. Sunan maganin praziquantel. In an zo rabonsa a makaranta, akan auna tsayin yaro da sanda don a san ƙwaya nawa zai sha. Ana sha bayan an ci abinci. Yana da ɗaci ƙwarai. In yaro ya tauna shi, ɗacin yana iya sa shi amai, maganin ya fita. Saboda haka haɗiye shi ake yi da ruwa.

Kun gani, maganin tsutsar ciki ana taunawa, na tsargiya ba a taunawa. Ido ba zai raba muku su ba. Karatu ne zai raba, ko tambaya.

Tambaya ɗaya da kowa zai haddace

Ba kowane magani ne yake zuwa da kwali ba. Wani a 'yar leda ake ƙulla shi. To, sai a yi tambaya. In ma'aikacin yana jin Hausa, a tambaye shi da Hausa. In kuwa baƙo ne, kamar 'yan bautar ƙasa da ake turowa asibitocinmu, ga yadda hirar za ta kasance. Malamin aji ya sa ɗalibai biyu su karanta.

Malam Audu: Good morning, doctor. Ina kwana, likita.
Likita: Good morning, Baba. Lafiya lau, Baba.
Malam Audu: Should I chew it or swallow it? In tauna ne ko in haɗiye?
Likita: Do not chew it. Swallow it with water. Kada ka tauna. Ka haɗiye da ruwa.
Malam Audu: How many times a day? Sau nawa a rana?
Likita: Once a day. Sau ɗaya a rana.
Malam Audu: Thank you, doctor. Na gode, likita.

Tambayar ana faɗinta haka: "Shud ai cuu it oo suwalo it?" A maimaita ta har ta zauna. Matambayi ba ya ɓata. In tsoho ko yaro ba ya iya haɗiye ƙwaya, kada a daka ta a gida bisa ra'ayi. A koma a gaya wa ma'aikacin lafiya, ya ce ko za a iya dakawa, ko ya sauya wani.

Kalmar a wajen dabbobi

Masu kiwo, ga naku. Saniya, tunkiya da akuya cikinsu ɗaki huɗu ne. Sukan haɗiye ciyawa da sauri, in sun kwanta su dawo da ita baki su sake taunawa. Mu mukan ce dabba tana tuƙa. Da Turanci ana cewa "chew the cud", ana faɗi "cuu da kad".

The cow is chewing the cud. Saniya tana tuƙa.
My goat is not chewing the cud. Akuyata ba ta tuƙa.

Jimla ta biyu tana da amfani in za ku yi wa malamin dabbobi bayani. Duk mai kiwo ya sani, dabbar da ta daina tuƙa ba ta da lafiya.

Kalmar a cikin azanci

Kamar yadda Bahaushe yake cewa "a tauna magana kafin a faɗe ta", Bature ma yakan ari tauna ya kai ta wajen tunani.

Let me chew it over. Bari in yi nazari a kai.

In dillali ya matsa maka ka sayar da mazarƙwailarka yau-yau, kana iya ba shi wannan amsa.

Suna kuma da wata magana: "Do not bite off more than you can chew." Wato kada ka gatsi abin da ya fi ƙarfin taunarka. Mu a nan sai mu ce kada ka ɗauki Dala ba gammo. Ana faɗa wa wanda ya ci bashin da ba zai iya biya ba, ko ya kama gonar da ta fi ƙarfin hannunsa.

Abin da muka koya a taƙaice

1. "Chew" ita ce tauna, ana faɗinta "cuu".
2. Kamanninta huɗu: chew, chews, chewing, chewed.
3. Shan rake da cin goro, duk "chew" ne a Turanci.
4. A jikin magani, a duba ko akwai "Do not" a gabanta.
5. In babu rubutu, a tambaya.

Aiki

A. Cike gurbi da chew, chews, chewing ko chewed.
1. I ______ my food well.
2. Binta ______ kola nut every day.
3. The boys are ______ sugar cane.
4. He ______ the tablet yesterday.
5. Do not ______ it.

B. Mai da waɗannan zuwa Hausa.
1. Chew before swallowing.
2. Swallow whole with water.
3. The sheep is chewing the cud.

C. Mai da waɗannan zuwa Turanci.
1. Ina shan rake.
2. Kada ka tauna shi.
3. In tauna ne ko in haɗiye?

D. Aikin gida. Kowane ɗalibi ya duba ɗakinsa, ya zo aji da kwalin magani guda ɗaya wanda babu kome a ciki. A baza su a kan tabarma. A nemi "chew", "chewable", "swallow" da "Do not". A ware waɗanda ake taunawa gefe ɗaya, waɗanda ba a taunawa gefe ɗaya. Ajujuwan mata su ba wannan aiki muhimmanci, don galibi uwa ce take ba yara da tsofaffi magani a gida. In akwai mai hawan jini ko mai gyambon ciki a gidanku, ku karanta masa kwalinsa tun a daren yau.

A rubuta amsoshi a takarda mai tsabta, a sa suna da sunan aji, a ba malami. Shi zai kai wa jami'in ilimin manya na ƙaramar hukuma, su iso gare mu. Za mu buga amsoshin a fitowa ta gaba, tare da sunayen ajujuwan da suka fi ƙoƙari.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki "before" da "after", wato kafin da bayan, don mu san maganin da ake sha kafin abinci da wanda ake sha bayan an ci. Sai mun sadu. Ku huta lafiya.

Edita